TARIHIN UNGUWANNIN MARAƊI DA ZANCEN HANYAR RUWA

Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta ma wanda bai iya ba, kamar yadda muka saba.

Dattawan ƙungiya sun sha neman a rubuta tarihin garin nan da muke zaune ciki, don yaranmu da aka haifa a sababbin unguwanni su san yadda aka yi gari ya kawo inda yake. Yawancinmu baƙi ne a nan. Mun baro ƙauye da jaka ɗaya, mun kwana a zauren wani, mun yi haya, yau ga wasunmu da kare nasu na kansu a gefen gari. To, waiwaye adon tafiya. Za mu bi tarihin daki-daki, domin a cikinsa akwai zance ɗaya da ya shafi ɗakin kowa da ran 'ya'yan kowa, wato zancen ruwan sama da hanyar da yake bi.

GARI A CIKIN FADAMA

Maraɗin farko ba a nan bisa tudu take ba. Tana can ƙasa ne, cikin fadama, bakin gulbi.

Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya soma a 1804, birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi wajen 1807. Gidan sarautar Katsina na da ya fito ya yi arewa, ya yi ta yawo shekaru, har Sarki Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. Shi ya sa har yau sarkin garin nan ake ce masa Sarkin Katsina. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri nan kusa, garuruwan biyu suka zama maƙwabta.

Mutanen wancan zamani suna da dalilinsu na zaɓen fadama. Lokacin yaƙi ne. Fadama tana da kurmi mai duhu wanda doki ba ya ratsa shi da sauƙi, ga ruwa kusa, rijiya ba ta da zurfi, ga ƙasa mai kyau ta noma da ta gini. Wanda ke tsoron mahaya dawaki ba ya tsayawa tunanin ambaliya. A haka gari ya zauna fiye da shekara ɗari, sarakuna irin su Ɗan Baskore suna kai hari Katsina, ana kawo musu su ma.

Da Nasara suka zo, Faransa da Ingila suka ja iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina a farkon ƙarni na 20, yaƙi ya ƙare. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gujiya ya buɗe. A 1927 Faransawa suka mai da Maraɗi mazaunin kwamanda. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suka buɗe kantuna da wuraren awo, a 1942 kuma aka kafa masana'antar man gujiya ta Siconiger. Gari ya soma cika, amma har lokacin jama'a suna nan cikin fadama, cikin gidajen ƙasa masu matse da juna da lunguna ƙanana.

RUWAN 1945

A damanar 1945 gulbi ya cika ya batse, ya shiga gari. Ginin ƙasa kuwa kowa ya san halinsa: in ruwa ya kwanta a gindin bango, daga ƙasa yake jiƙa shi, sai ya zauna gaba ɗaya. Gidaje da rumbuna suka zube. Hukumar lokacin ta yanke shawara ba za a sake gina gari a wurin ba, aka ce kowa ya hau tudu.

Wannan ƙaura ita ce mafarin Maraɗin da muka sani. An auna fili, an fitar da tituna masu faɗi miƙaƙƙu, an bar babban dandali gaban fadar sarki, an yanka kare-kare an raba. Unguwannin da ke kewaye da fada, irin su Bagalam, 'Yan Daka, Maradawa, Ɗan Gulbi, Limanci da Makoyo, su ne muke kira tsohon gari yanzu, alhali kuwa a wurin da suke zaune yau ba su girmi wasu dattawanmu da ke raye ba. An yi wannan aiki ne a ƙarshen zamanin aikin tilas, wanda doka ta soke a watan Afrilu na 1946, saboda haka kada wani ya ɗauka da daɗi aka yi shi. Mutane sun bar kushewar iyayensu, sun bar rijiyoyinsu, sun hau tudu inda ruwa ke da nisa a ƙasa, sun sake ɗora tubali daga fari.

Abin lura a nan shi ne, gari guda ya taɓa tashi dungum saboda ruwa. Kuma tudun da aka hau yana gangarawa ne yamma, wajen gulbi. Duk ruwan da ya zuba bisa gari can yake nufa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

GUJIYA, ALHAZAI DA FARI

A 1950 mutanen Maraɗi ba su kai dubu goma ba. Abin da ya ciyar da gari gaba shi ne gujiya. Da kaka ta yi, manoma daga ƙauyuka irin namu suna kawo kaya bisa jakuna da raƙuma, 'yan awo suna saye da kuɗin kamfani, ana tara buhuna dala-dala. Cikin yaran kamfanonin nan ne aka sami waɗanda suka tara jari suka tsaya da ƙafarsu, suka je Makka suka komo, aka san su da suna Alhazan Maraɗi. Bayan samun ɗiyaucin ƙasa a 1960, gwamnati ta kafa SONARA a 1962 ta karɓi cinikin gujiya a hannunta.

Daga nan abubuwa suka zo a jere. Yaƙin basasar Najeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya buɗe ma 'yan kasuwar Maraɗi ƙofar kai kaya kudu. Bayansa kuɗin man fetur ya cika Najeriya, fataucin atamfa da taba ta kan iyaka ya yi ƙarfi, tun da Katsina ba ta kai kilomita 100 daga nan ba. A daidai wannan lokaci ƙauye yana shan wuya. Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi ya bar rumbuna wayam, a 1975 kuma cuta ta faɗa ma gujiya, noman ta bai sake komawa yadda yake ba. Birni yana samu, ƙauye yana rasawa, to ina mutum zai nufa?

A nan ne tarihin gari ya gamu da namu. Manyan ƙungiyar nan da yawa a waɗannan shekaru suka shigo: wani ga-ruwa da tuku biyu a kafaɗa, wani dako a tasha, wani gadi a ƙofar Alhaji, wani yaron magina. Da farko cin rani ne, a koma gida da ruwan fari. Sannu a hankali aka ɗauko mata, aka ɗauko yara. A 1983 Najeriya ta kori baƙi, waɗanda suka je can nema suka komo, da yawa suka tsaya Maraɗi. A 1984 aka rufe iyaka har zuwa 1986, ga fari ya sake zuwa, yunwar da mutane suka laƙaba ma suna El-Buhari. Ta sake koro wasu dubbai daga karkara.

Ƙidayar gwamnati ta nuna abin a fili. A 1977 mutanen birnin Maraɗi wajen 45,000 ne. A 1988 sun kai wajen 110,000, wato sun ninka har da ɗori cikin shekara goma sha ɗaya. A 2001 an sami wajen 148,000, a 2012 kuma wajen 267,000. Tsakanin ƙidayar 1977 da ta 2012 gari ya ninka kusan sau shida. Tun da yamma gulbi ya tare hanya, sai gari ya yi ta cin gonaki ta sauran fuskoki. Bayan Sabon Gari aka sami Sabon Kare, Sura Bildi, Buzu Ɗan Zambadi mai sunan sarkin da ya daɗe bisa gado, Zariya, Ali Ɗan Sofo da sauransu. Inda wasunmu suka taɓa yin ƙodagon noman hatsi, yau nan ne ƙofar gidansu.

ZAMANIN SAMARIYA

Bayan da soja suka karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974 a ƙarƙashin Seyni Kunce, gwamnati ta farfaɗo da samariya. Kowace unguwa da sarkin samarinta da magajiyarta. Samariya tsohuwar al'adarmu ce ta gayya, gwamnati ta ɗauke ta ta sa mata tsari, ta kuma yi amfani da ita wajen harkokinta na mulki. Wannan gaskiya ne, kuma waɗanda suka ga zamanin sun san ba kowa ke fita da son ransa ba.

Duk da haka aikin da aka yi yana nan ana gani. Da makaɗi ya buga ganga da safe, samari su fito da shebur da kwando, 'yan mata da tsintsiya. An share tituna, an kwashe juji, an buga tubali an gina azuzuwan lakwal, an cike ramuka kafin damana. Tun 1975 aka mai da ranar 3 ga Agusta ranar dashen itace, kuma a watan Mayu na 1984 nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada. Dogon yaro da yawa da muke shan inuwarsu a tsofaffin tituna, wani ne ya dasa, wani ya yi ta ɗaukar ruwa yana ba su har suka kama.

Da aka shiga zamanin jam'iyyu da yawa a farkon shekarun 1990, samariya ta watse. A Janairun 1994 aka karya darajar kuɗin sefa, siminti da ƙarfe suka yi tsada, hannun hukuma ya gajarta. Gari bai daina girma ba, sai dai gangar da ke tara mutane ta yi shiru. Abin da ya maye gurbinta shi ne ƙungiyoyi irin tamu, da adashen mata, da kwamitin masallaci, da na iyayen yara a lakwal.

An sami ci gaba daga baya, ba za mu ɓoye ba. An buɗe jami'a a 2010. An raba birni da'ira uku. A 2015, da bikin 18 ga Disamba ya zagayo Maraɗi da sunan Maraɗi Kwalliya, an shimfiɗa kwalta an yi gine-gine. A 2021 an aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi. Amma irin waɗannan manyan ayyuka tsakiyar gari da manyan hanyoyi suka fi samu. Lungun da ke bayan gidanka a bakin gari, sai abin da ku mazauna wurin kuka yi masa.

YADDA SABUWAR UNGUWA KE TSIROWA

Kusan duk unguwanninmu hanya ɗaya suka bi. Da fari gona ce. Sai a zo a auna, a kafa turakun siminti, a fitar da tituna bisa takarda, a keɓe filin lakwal, na likita, na kasuwa. Mai gona a ba shi wasu kare-kare diyya. Wani wurin kuma mai gona shi ke yanka abinsa ya sayar tun ba a auna ba, ba titi, ba takarda, sai shaidu. Mai ƙaramin ƙarfi can yake saye don ya fi araha, kuma sau da yawa arahar tana da dalili: wurin kwari ne, ko tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini, ko hanyar ruwa ce da ta bushe da rani.

Daga nan mutum ya kewaye da zana, ya kafa bukka, ya ɗora ɗaki ɗaya. Mutane su riga pampo zuwa, su riga wutar lantarki, su riga lakwal. Shekaru ana sayen ruwa hannun ga-ruwa, kuma wanda ya fi kowa talauci shi ke sayen ruwa mafi tsada, domin mai pampo a gida lissafin wata yake biya, mai saye tuku-tuku kuwa har ladan ɗauka yake biya. Kafin hukuma ta iso da aikinta, wani ya ci rabin titi da katangarsa, wani ya kafa shago a filin da aka bar ma yara.

Yanzu mu komo kan gangaren nan. Lokacin da wurin yake gona, yashi yana shanye yawancin ruwan sama. Da aka rufe shi da kwano da siminti, ruwa ba ya samun wurin nutsewa, sai ya fito titi ya haɗu da na maƙwabci, ya kama gangara. Ga misali da kowa zai iya lissafawa. A daren 30 ga Agusta 2024 an yi ruwa a Maraɗi wanda hukumomi suka ce ya kai milimita 150 cikin wajen awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu, gidaje da dama suka faɗi. Allah ya jiƙansu. Ruwan milimita 150 bisa kare mai mita 20 tsawo da mita 20 faɗi, lita 60,000 ke nan, wato tano 300 mai cin lita 200. Wannan na gida ɗaya ne. Ku tara na unguwa guda, ku tura shi cikin titin yashi wanda magudanarsa ta cika da leda da shara. Shi ne ke haƙa kwazazzabo, shi ne ke cin gindin bango, kuma waɗanda ke ƙasa, wajen tsohon gari, su ke karɓar ruwan waɗanda ke sama.

A 1945 ruwa daga gulbi ya taso ya ci gari. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a ƙasar Katsina, zuwan gulbi ya sauya. Ruwan da ya fi yi mana barazana yanzu daga indararonmu yake zubowa. Bayan ya wuce kuma yana barin kududdufi, sauro ya yi yawa, zazzaɓi ya kwantar da yara a daidai lokacin da hatsi ya ƙare. In ya haɗu da salga da gologo, ga cutar amai da gudawa, irin wadda ta ɓarke a yankin Madarumfa a 2018 ta shigo har cikin birni, ta kama dubban mutane.

ABIN DA KE HANNUNMU

Gina babbar magudana ta siminti aikin hukuma ne, ya fi ƙarfin aljihunmu. Amma akwai abin da bai fi ƙarfinmu ba, kuma shi muke son a tattauna a taro mai zuwa.

Na farko, ɗan'uwan da zai sayi fili kada ya biya ko dala sai ya je da dattijo ɗaya daga cikinmu. A tambayi tsofaffin manoman wurin inda ruwa ke bi da inda yake kwana. In da hali a je a ga filin bayan an yi ruwa mai ƙarfi. A nemi takarda daga ma'aikatar magajin gari, a ga turaku da ido. Tun ran gini ran zane.

Na biyu, kafin ruwan fari kowane titi da 'yan ƙungiya ke zaune ya sa ranar gayya. A yashe magudana inda akwai, a kwashe juji daga hanyar ruwa, a kai shi nesa da amalanke, domin wanda aka tara a bakin rami ruwan farko ke mai da shi ciki. A gayyaci maƙwabta duka, kowane gari suka fito, a kuma fara sanar da mai unguwa.

Na uku, masu ginin ƙasa su yi yaɓe da wuri, su tada gindin bango, su duba indararo kada ya zuba a jikin gini. Gwauruwa da tsoho marar ƙarfi, samarinmu su yi musu. In ruwa ya yi tsanani da dare kuma bango ya soma tsagewa, a fitar da yara tun da sauran lokaci, a bar kaya.

Na huɗu, mu sa ido bisa filayen da aka keɓe ma jama'a. Filin lakwal in ya tafi ba ya komowa. In an ga wani ya soma zuba tubali a wurin, a tafi wajen mai unguwa da magajin gari cikin ladabi, a tafi da yawa, a tafi da takarda a rubuce, a riƙe kwafi. Kokon mutum ɗaya ana mantawa da shi, na mutum hamsin da sa hannunsu yana da wuyar turewa.

Na biyar, muna shawartar a ware wani kaso na kuɗin wata-wata a ajiye shi don damana kaɗai, a hannun mutum biyu, da littafi, ana karanta lissafi gaban kowa. Iyayenmu mata sun fi mu sanin riƙon adashe, a sa su ciki.

Dattawanmu na gida, ku ma da naku. Yaron da zai taho birni ku haɗa shi da ƙungiya tun kafin ya taso, don ya sami masauki na gari, kada ya kwana a kango ko bakin kwazazzabo. Kuma kada a yi gaggawar sayar da gonar gado don sayen kare a birni. Shekarun 1974 da 1984 sun nuna mana gida biyu maganin gobara: wanda ke da ƙafa a ƙauye da ƙafa a birni ya fi jure wuya.

Waɗanda suka hau tudu a 1945 ba su da siminti, ba su da mota, sun gina gari da kwando da hannu. Waɗanda suka dasa itatuwan da muke zama ƙarƙashinsu, da yawa ba su sha inuwar ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon duk dattijon da ya ga tsohon gari, ko ya ji labarin ƙaurar daga bakin iyayensa, ya zo taro ya ba mu, mu rubuta a fitowa ta gaba tun ana iya samu.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da ruwan ɓarna, ya bar zumunci. Amin.